BABI NA UKU: HUKUNCIN ƘIDAYAR 1983 A JAMUS DA ASALIN 'YANCIN MUTUM A KAN BAYANANSA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda aka yi har bayanan da suka shafi mutum, kamar sunansa da inda yake zaune da addininsa da sana'arsa, suka zama abin da doka take karewa kamar yadda take kare gidansa da dukiyarsa. An ɗauki ƙasar Jamus a matsayin ginshiƙin bayani, domin wani hukunci da Kotun Tsarin Mulki ta Jamus ta Yamma ta yanke ranar 15 ga Disamba, 1983 ya yi tasiri ƙwarai a kan dokokin kare bayanai na Turai, su kuma dokokin Turai su ne ƙasashe da dama suka kwaikwaya, har da Nijeriya. Abin da babin yake son ya nuna shi ne, waɗannan dokoki sun samo asali ne daga ganin da aka yi cewa bayanin da mutum ya ba hukuma da hannunsa don wata manufa mai kyau, ana iya juya shi gobe a cuce shi da shi. Tsoron ɓarayin bayanai daga baya ya zo.

Kafin a shiga cikin tarihin yana da kyau a ɗan tsaya a kan kalmar sirri, domin tana iya ɓatar da mai karatu. A wurin Bahaushe sirri ko asiri shi ne abin da mutum ba ya son ya fita, shi ya sa ake addu'ar Allah ya rufa asiri, ake kuma cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tsarin gidan Bahaushe ma, daga zaure zuwa shigifa zuwa cikin gida, da wajabcin yin sallama, duk katanga ce tsakanin abin da yake na kowa da wanda ba na kowa ba. To amma yawancin bayanan da za a yi magana a kansu a nan ba asiri ba ne ta wannan ma'ana. Maƙwabcin mutum ya san ƙofar gidansa, ya san wurin ibadarsa, mai shago ya san abin da yake saye, likita ya san ciwonsa. Kowannensu yanki ɗaya ya riƙe, kuma ya riƙe shi ne saboda wata hulɗa da ke tsakaninsu. Magana tana canzawa ne ranar da aka tattara waɗannan yankuna duka a wuri ɗaya, a hannun wanda mai bayanin bai san shi ba, kuma ba shi da ikon tambayarsa.

3.1 Maƙala da Na'ura a Shekara Guda

Abubuwa biyu sun faru a Amurka a shekarar 1890. Na farko, wasu lauyoyi biyu na birnin Boston, Samuel Warren da Louis Brandeis, sun buga maƙala a mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard, inda suka nemi doka ta kare mutum daga masu tsoma masa baki a rayuwarsa ta cikin gida. Abin da ya dame su shi ne jaridu masu bin tsegumi da ƙaramar kyamarar ɗaukar hoto, irin wadda aka fara sayarwa da sunan Kodak a 1888. Wannan maƙala ce masana shari'a suka fi ambata idan ana maganar asalin haƙƙin sirri.

Abu na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da matsalar yau. A ƙidayar jama'a ta wannan shekara, ofishin ƙidaya na Amurka ya yi amfani da na'urar wani injiniya mai suna Herman Hollerith. Akan ɗauki amsoshin kowane mutum a mayar da su huji-huji a jikin kati, wannan gurbi na jinsi, wancan na shekaru, wancan na ƙasar haihuwa. Idan aka sa katin a na'ura, lantarki ya bi ta hujin, sai ta ƙirga. Ƙidayar 1880 ta ci kusan shekara takwas kafin a gama tace ta, saboda haka aka yi marhabin da na'urar. Kamfanin Hollerith ya haɗe da wasu a 1911, a 1924 kuma aka sa wa haɗakar suna IBM. Abin lura shi ne, bayan ƙirga na'urar tana kuma warewa. Duk wanda ya iya tambayarta mutum nawa ne ke da huji a gurbi kaza, ya iya sa ta ta fitar masa da katunansu gefe guda.

3.2 Rajistar Holan

Misalin da masu nazarin wannan fanni suka fi komawa gare shi shi ne na ƙasar Holan, maƙwabciyar Jamus ta ɓangaren yamma. Tun 1850 ƙananan hukumomin Holan suke riƙe da rajistar mazauna. A shekarun 1930 wani babban ma'aikacin gwamnati, Jacob Lentz, wanda ya shugabanci ofishin da ke duba waɗannan rajistoci, ya sake tsara su ta yadda kowane mutum yake da katinsa, katin yana binsa duk garin da ya koma tun daga haihuwa har mutuwa, kuma cikin abin da ake rubutawa har da addini. Lentz ya so a ƙara da katin shaida na dole, amma a farkon 1940 gwamnatin ƙasar ta ƙi, bisa hujjar cewa yin haka tamkar ɗaukar kowane ɗan ƙasa ne a matsayin abin zargi.

A watan Mayu na 1940 sojojin Hitila suka mamaye Holan. Abin da gwamnatin ƙasarsa ta hana Lentz, sai 'yan mamaya suka ba shi damar yi. A 1941 aka fito da katin shaida mai hoto da zanen yatsa da hatimi mai wuyar kwaikwayo, aka kuma ajiye kwafin bayanan kowane kati a wani gini a birnin Hague, ta yadda ko an yi na jabu za a iya gane shi. A watan Janairu na wannan shekara aka umarci duk mai jinin Yahudawa ya je ya yi rajista. Kusan kowa ya je, domin ya san sunansa da addinin iyayensa suna nan a rubuce a ofishin ƙaramar hukuma. Aka buga harafin J a katin kowane Bayahude. Ma'aikatan birnin Amsterdam har taswira suka zana, kowane ɗigo yana nuna Yahudawa goma, don a ga unguwannin da suka fi yawa.

Daga cikin Yahudawa kimanin 140,000 da ke Holan, an kwashe wajen 107,000 zuwa sansanonin 'yan Nazi, waɗanda suka dawo da rai kuwa 5,000 ne da 'yan kai. Wato kimanin kashi 75 cikin ɗari sun halaka, alhali a Beljiyam abin ya tsaya wajen kashi 40, a Faransa wajen kashi 25. Ba daidai ba ne a ɗora wannan bambanci duka a kan rajista. Masana tarihi sun kawo wasu dalilan: Holan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce wadda ba ta da duwatsu ko manyan dazuzzukan ɓuya, ba ta da iyaka da wata ƙasa 'yar ba-ruwanmu, kuma riƙaƙƙun 'yan jam'iyyar Nazi ne suka mulke ta maimakon hafsoshin soja. Duk da haka, 'yan gwagwarmayar Holan na lokacin sun nuna a aikace abin da suka ɗauki rajistar. A daren 27 ga Maris, 1943 wasu mutane ƙarƙashin Gerrit van der Veen da Willem Arondeus, ɗaya mai sassaƙa ɗaya mai zane, suka sa kayan 'yan sanda, suka shiga ofishin rajista na Amsterdam suka cinna masa wuta. Da yake katunan a matse suke, wuta ba ta ci sai kaɗan daga ciki. An kama mutum 12 an harbe su a watan Yuli. Ranar 11 ga Afrilu, 1944 kuma jiragen yaƙin Ingila suka jefa bam a kan ginin nan na Hague, bisa roƙon 'yan gwagwarmayar. Bayan yaƙi an yanke wa Lentz ɗaurin shekara 3.

Ba Holan kaɗai ba ce. A Jamus ɗin kanta ƙidayar Mayu 1939 ta zo da wani ƙarin kati da ke tambayar ko akwai Bayahude a cikin kakannin mutum huɗu, kuma reshen IBM na Jamus, wato Dehomag, shi ya samar da na'urorin tace ƙidayar, ko da yake masana sun yi saɓani a kan iyakar rawar da waɗannan katuna suka taka wajen kame. A Amurka ma majalisa ta ɗage sirrin ƙidaya a 1942, ofishin ƙidaya ya taimaka da bayanan unguwannin 'yan asalin Japan, aka tsare kimanin mutum 120,000. A Ruwanda, katin shaida mai nuna ƙabila wanda Turawan Beljiyam suka shigo da shi a shekarun 1930, shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya lokacin kisan kiyashin 1994.

3.3 Zuwan Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Muddin bayanai suna cikin fayiloli a ofisoshi daban-daban, wahalar haɗa su ita kanta kariya ce. Ofishin haraji yana da nasa, asibiti yana da nasa, kuma kafin a haɗa na mutum ɗaya sai masinja ya sha zirga-zirga. Na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ita ta fara rushe wannan kariya a shekarun 1960. A 1965 aka kawo shawarar kafa rumbun bayanai guda ɗaya na gwamnatin Amurka, majalisa ta yi zaman sauraro a 1966, surutu ya yi yawa, aka jingine maganar.

Dokar kare bayanai ta farko a duniya ta fito ne daga jihar Hesse ta Jamus ta Yamma a watan Oktoba 1970, lokacin da jihar take mayar da ayyukan ofisoshinta kan kwamfuta. Dokar ta ƙirƙiro muƙamin kwamishina mai zaman kansa da zai sa ido a kan gwamnati, kuma Farfesa Spiros Simitis, wanda ya taimaka wajen tsara ta, ya riƙe muƙamin daga 1975 zuwa 1991. Suwidin ta yi tata dokar a 1973, Amurka a 1974, gwamnatin tarayyar Jamus a 1977. Faransa ta yi tata a 1978, bayan jaridar Le Monde ta fallasa wani shiri mai suna SAFARI na haɗa fayilolin gwamnati ta hanyar ba kowa lamba ɗaya. A Holan kuwa, ƙidayar 1971 ta gamu da turjiya, kuma tun daga ita ba a sake bin gida-gida ana ƙirga mutane ba.

A wannan lokaci ne Jamusawa suka ga aikin na'urar a hannun 'yan sanda. Shekarun 1970 shekaru ne na hare-haren ƙungiyar 'yan ta'addar nan da aka fi sani da Baader-Meinhof. Shugaban 'yan sandan binciken laifuka na tarayya, Horst Herold, ya fito da wata dabara mai kama da tankaɗe. An lura cewa 'yan ƙungiyar suna kama hayar gida da sunan ƙarya, don haka ba sa iya biyan kuɗin wuta ta banki, sai da tsabar kuɗi. A 1979 aka karɓi jerin masu biyan kuɗin lantarki da tsabar kuɗi a birnin Frankfurt, aka riƙa gwama shi da sauran rajistocin hukuma, ana zubar da duk sunan da aka tabbatar na gaskiya ne, har aka rage da ƙalilan, aka kuwa kama ɗaya daga cikin waɗanda ake nema. Ta fuskar 'yan sanda nasara ce babba. Shi kuwa mai haya da ba ruwansa, ya gane cewa takardar kuɗin wutarsa ta bi ta hannun masu farautar 'yan ta'adda ba da saninsa ba.

3.4 Rikicin Ƙidayar 1983

A watan Maris 1982 majalisar tarayya ta zartar da dokar ƙidayar jama'a, duk jam'iyyun da ke cikinta suka amince. Rabon ƙasar da ƙidaya tun 1970. An sa ranar 27 ga Afrilu, 1983. Tambayoyin ba baƙi ba ne: suna da adireshi da lambar waya, ranar haihuwa, aure, addini, ƙasar asali, sana'a da ilmi, abin hawan da mutum yake zuwa aiki da shi, girman gida da kuɗin haya. Amsawa dole ce, wanda ya ƙi ana iya cin sa tara har ta mark 10,000, kuɗin Jamus na lokacin.

A sashe na 9 na dokar ne gizo ke saƙar. Sashen ya yarda a ɗauki amsoshin ƙidaya a gwama su da rajistar mazauna don a gyara ta, ya kuma yarda a miƙa wasu bayanan ga ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi. Gaskiya ne dokar ta ce kada a yi amfani da abin da aka gano wajen ɗaukar mataki a kan wanda ya amsa, amma mutane suka tambaya, yaya za a yi jami'in da ya ga suna a fom ya rasa shi a rajista ya yi kamar bai gani ba? Baƙon da takardunsa ba su cika ba, da ɗalibin da yake zaune inda bai yi rajista ba, duk suna da dalilin fargaba.

Lokacin ma bai taimaki gwamnati ba. A watan Janairu na 1983 aka cika shekara 50 da hawan Hitila mulki. Shekarar 1984, wadda George Orwell ya sa wa littafinsa game da hukuma mai leƙen kowa, tana bakin ƙofa. A watan Maris kuma jam'iyyar masu rajin kare muhalli, wadda take goyon bayan ƙaurace wa ƙidayar, ta shiga majalisar tarayya karo na farko. Cikin 'yan makonni ƙungiyoyin ƙauracewa suka bazu a birane. Jami'an ƙididdiga sun ɗauki abin ruɗu ne kawai, amma Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Cikin waɗanda suka kai ƙara Kotun Tsarin Mulki da ke birnin Karlsruhe har da wasu lauyoyi mata biyu daga Hamburg, Gisela Wild da Maja Stadler-Euler. Ranar 13 ga Afrilu, saura mako biyu a fara, an riga an buga fom an ɗauki malaman ƙidaya, kotun ta ba da umarnin dakatarwa.

3.5 Abin da Kotun ta Ce

Cikakken hukuncin ya fito ranar 15 ga Disamba ƙarƙashin shugaban kotun, Ernst Benda. Kundin tsarin mulkin Jamus na 1949 bai ambaci kwamfuta ko kare bayanai ba. Abin da alƙalan suka yi shi ne haɗa sashe na 1, mai kare mutuncin ɗan Adam, da sashe na 2, mai ba kowa damar gina rayuwarsa, suka fitar da wani haƙƙi daga cikinsu, wato a ƙa'ida mutum shi ke da ikon yanke shawara a kan bayyana bayanansa da kuma yin amfani da su.

Hujja ta farko da suka kafa ita ce, tun da kwamfuta ta zo babu sauran bayanin da za a ce ba shi da muhimmanci. Ranar haihuwa ita kaɗai ba komai ba ce, haka hanyar da mutum yake bi zuwa aiki, amma idan aka haɗa su da wasu goma sai su fitar da kamannin mutum guda, ko da an goge sunansa. Saboda haka ba a auna hatsarin bayani ta hanyar duba shi shi kaɗai, sai an san don me aka karɓe shi, da me za a iya haɗa shi, kuma hannun wa zai kai.

Hujja ta biyu ta fi zurfi. Alƙalan suka ce mutumin da bai san wa ya san me game da shi ba, zai fara taka-tsantsan a rayuwarsa. Idan yana zaton ana rubuta sunan duk wanda ya halarci taro ko ya shiga wata ƙungiya, sai ya zauna a gida, ko da kuwa doka ta ba shi damar fita. Asarar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai, domin mulkin dimokuraɗiyya ya dogara ne a kan 'yan ƙasa masu fitowa su faɗi ra'ayinsu. Wannan ita ce amsa mafi ƙarfi da aka ba masu cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa ba shi da abin tsoro. Yahudawan Holan ba su ɓoye komai ba lokacin da aka rubuta addininsu a rajista, kuma a lokacin babu laifi a cikin rubuta shi.

Ya kamata a lura cewa kotun ba ta haramta ƙidaya ba, ba ta kuma ce mutum yana da cikakken iko a kan bayanansa kamar yadda yake da shi a kan akuyarsa ba. Ta yarda gwamnati tana buƙatar alƙaluma don tsara makarantu da gidaje, kuma ana iya tilasta wa mutum ya amsa idan maslahar jama'a ta rinjaya. Sharaɗin shi ne a samu doka bayyananniya da ta faɗi manufar karɓar bayanin, kada a karɓi fiye da buƙata, kada a tara shi don wata rana da ba a ambata ba. Ta soke sassan da suka haɗa ƙidaya da rajistar mazauna, ta ce a gina katanga tsakanin ofishin ƙididdiga da ofishin zartarwa. Ta shiga har cikin ƙananan abubuwa: a ba mutum damar mayar da fom ɗinsa cikin rufaffen ambulan, kada a tura malamin ƙidaya unguwarsu, a kuma raba suna da amsa da wuri.

An gudanar da ƙidayar ranar 25 ga Mayu, 1987 bisa sabuwar doka. Sakamakon ya nuna gidajen zama sun gaza abin da gwamnati take zato da kusan miliyan ɗaya, wanda ya nuna masu kare ƙidayar ma suna da gaskiyarsu. Daga nan Jamus ba ta sake ƙidaya ba sai 2011, inda aka gano mazauna ƙasar sun gaza lissafin hukuma da kimanin miliyan ɗaya da rabi. Rashin yarda tsakanin talaka da hukuma yana da nasa farashin, kuma Jamus ta biya shi da shekara 24 na tsare-tsare a kan alƙaluman da suka tsufa.

3.6 Daga Karlsruhe Zuwa Zamanin Intanet

Shekara shida bayan hukuncin katangar Balin ta faɗi, aka ga abin da 'yan sandan ciki na Jamus ta Gabas, wato Stasi, suka tara: ma'aikata kimanin 91,000 da 'yan rahoto fiye da 170,000 a ƙasa mai mutum miliyan 16, da takardun da tsawonsu a kan kanta ya kai kilomita 111. Daga Janairu 1992 aka ba kowa damar neman ganin fayil ɗinsa. Ba abin mamaki ba ne da Jamus ta kasance cikin masu tsananta murya lokacin da Tarayyar Turai ta yi dokar kare bayanai ta 1995, da kuma wadda ta gaje ta, wadda aka fi sani da GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Sharuɗɗan ƙayyade manufa da taƙaita abin da ake karɓa da kafa hukumar sa ido mai zaman kanta duk suna cikinta, tare da tara da ta kai kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya. A watan Mayu 2023 an ci kamfanin Meta tarar yuro biliyan 1.2 a ƙarƙashinta.

Sai dai hukuncin 1983 an ɗinka shi ne daidai jikin hukuma, wadda take tilasta wa mutum ya amsa. A zamanin intanet mutum da kansa yake miƙa bayanin ga kamfani, bayan ya danna alamar amincewa da sharuɗɗan da bai karanta ba, kuma abin da wayar hannu take tarawa game da mai ita ya ninka abin da fom ɗin 1983 ya tambaya. Wannan bai kawar da tsohuwar matsalar ba. A watan Yuni 2013 Edward Snowden ya fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA tana samun bayanai daga rumbunan manyan kamfanonin intanet, wato abin da kamfani ya tara don talla ya koma hannun hukuma. A 2018 aka gano bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87 sun faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Ita kanta hukuma ba ta tsira daga ɓarayi ba: a 2015 an sace bayanan mutum miliyan 21.5 daga ofishin kula da ma'aikatan gwamnatin Amurka, ciki har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Ana iya canza lambar sirri idan an sace ta, amma yatsa ba a canza shi.

A Nijeriya an fara da tarawa ne kafin a yi dokar karewa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganarsu ta waya, amma bai yi bayanin rumbunan bayanai ba. An fara rajistar layukan waya da hoto da zanen yatsa a 2011, lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, a Disamba 2020 kuma aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ƙa'idojin da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ba dokar majalisa ba ne. Cikakkiyar Dokar Kare Bayanai sai a watan Yuni 2023 aka sa mata hannu, bayan Gana ta yi tata a 2012, Nijar a 2017. Dokar ta ɗauki sharaɗin ƙayyade manufa, ta sa addini da ƙabila da ra'ayin siyasa da zanen yatsa cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanin. Amma sashe na 3 ya sassauta wasu daga cikin sharuɗɗanta ga hukumomin da ke aikin tsaron ƙasa da binciken laifuka, wato daidai ƙofar da ke tsakanin mai tara bayani da mai zartarwa, wadda shari'ar 1983 ta ginu a kanta. Wannan sashe da iyakokinsa su ne za a duba a babi na huɗu.